Gashin da nake binnewa

Daren Laraba, Yekuwa

Yau ma da na tsefe kaina, mataji ya cika da gashi. Kwanakin nan dunƙule shi nake ina binnewa bayan rumbu, kada ya faɗa hannun mugu. Har na fara zargin maƙwabta da sammu.

Wajen kitso Inna Hadiza ta duba goshina ta ce, "Wata nawa da haihuwarki?" Na ce huɗu.

"Jego ne, 'yar nan, zai tsiro. Amma idonki ya yi fari, ki je likita a auna jininki."

Ba ta ja kitson da ƙarfi ba. Gobe zan je.

Mai sammun nawa kuwa ga shi nan gefena, yana barci da yatsa a baki.