Kafet ɗin Baba Alton

Ohio, tsakiyar Janairu

Zuwa ga amaryata, Kaka Kumba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar? Yaya Goggo Raki da yaranta, yaya Atlanta? An ce likita ya hana ki gishiri. To ni ma kamar ya hana ni, don tun da kika tafi bakina bai ga abin kirki ba. In azumi ya kama ba ki dawo ba, wurin liman zan je in ce amarya ta yi yaji.

Kin tambayi maƙwabcinmu Baba Alton. Ba zan ɓoye miki ba, ya kwanta. Likita ya duba bai ga ciwo ba. Kin san tun da aka sayar da gasar tanis ta garin nan aka kai ta wata ƙasa jikinsa ya yi sanyi. Bara ya daure. Bana da ya ga Janairu ta kama ba wanda ya kira shi ya shimfiɗa kafet ɗin da ake buga gasar a kansa, sai ya rufe labule. Ba ya aski, ba ya dafa komai. 'Yarsa Denise ta zo daga Detroit, ta ce in bai tashi ya riƙa kula da kansa ba kafin ƙarshen Fabrairu, gidan tsofaffi za ta kai shi. Har kwalayen haɗa kaya ta jibge a falo. Kaka, mutumin da ya ɗauke ni aiki a zauren wasa ina sabon zuwa, ko gaisuwa ban iya da Turanci ba, ba zan zuba ido a kai shi inda bai san kowa ba.

Na je na zauna bakin gadonsa na tsokane shi. Na ce ai a babban zauren hoki, wasan nan na kan ƙanƙara, aka fara gasar. A da, da tuni ya zabura ya ce, "Kai, ɗan banza, a tsohon ɗakin atisayen soja muka fara, ubanka ma ba a haife shi ba. Raket ɗin buga ƙwallo na katako, 'yan kallo a kan kujerun da muka aro daga coci." Da ya ja ni har zuwa lokacin da aka koma zauren hoki, ana jera katako a kan ƙanƙara a shimfiɗa kafet a bisa, 'yan wasa na gumi, masu duba layi kuwa yatsun ƙafarsu na daskarewa. Da ya lissafa mini manyan 'yan wasan da suka zo suna samari, suka dawo da furfura suna sharhi. Wannan karon juyawa kawai ya yi ya fuskanci bango.

Ki sa shi a addu'a. Ki gaida kowa.

Angonki,
Yero

Farkon Fabrairu

Kaka Kumba,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na ji an ce kin fara taka bene, har kina yi wa masu jinya faɗa. Na ce to, ta warke.

Ga abin da ya faru. Masu zauren hoki suna share ɗakin ajiya, za su zubar da koren kafet ɗin gasar. Na roƙa suka ba ni. Ni da abokina Samba muka kwaso shi zuwa tsohon siton nan na bayan masallaci, inda yara ke karatun allo ranar Asabar. Liman na gani ya ce a yayyanka a yi dardumar salla. Na ruga na gaya wa Baba Alton, ina zaton ihunsa zai tsaga rufi. Sai ya ce, "Su yanka. Gara goshin mutane da bola."

Daga baya wata dabara ta faɗo mini. Kafet ɗin nan dogayen falle-falle ne, kuma gashinsa gefe guda yake kwanciya. Dole kowane falle ya fuskanci inda ɗan'uwansa ya fuskanta, kamar sahu. In ɗaya ya juya, ƙwallo sai ta zame a nan ta tsaya a can. Shi ne abu na farko da Baba ya koya mini, da ranƙwashi irin na malaminmu na gida. Na lallaɓi liman ya ɗan jinkirta almakashinsa. Muka shimfiɗa filin gaba ɗaya, na manna fararen layuka tsaf, sannan na bar falle guda na tsakiya a juye. A ƙarƙashin fitila ya fito baƙi-baƙi kamar faci a sabuwar riga. Na ɗauki hoto na tura masa, na haɗa da saƙon murya: "Baba, ka yi kwanciyarka, ashe aikin ba sai da kai ba."

Denise ce ta kira. Ta ce, "Yero, kai komai wasa ne? In jininsa ya hau, kai zan riƙe." Tsokana dai na iya, ban san ko wannan karon na wuce gona da iri ba.

Ki gaida Goggo Raki.

Jikanki,
Yero

Ƙarshen Fabrairu

Kakata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina fatan gwiwa ta saki. Gyara zama.

Ranar Asabar da safe yara na tsakiyar tilawa sai ƙofar sito ta buɗe. Baba Alton ne, cikin tsohuwar koriyar rigar sanyinsa ta ma'aikatan gasa, gemu buzu-buzu. Denise na bayansa tana kama masa hannu, yana fizgewa. Na tsaya kusa da fallen da na juya ina jiran saukar aradu. Ya taka shi ya wuce ko kallo bai yi ba. Ya je ƙarshen fili ya nuna layin baya da sandarsa.

Ya ce, "Wane makaho ya manna wannan?"

Na ce, "Baba, ga kuskuren can a tsakiya."

Ya ce, "Wancan? Wasan yara. Na gani na ce ɗan banzan nan tarko ya ɗana mini, na koma barcina. Amma da na ƙara duba hoton sai na ga layin nan. Tafiyar maciji ke nan. Wannan kam ba da gangan ka yi ba, da gaske ba ka iya ba. Shi ya hana ni sakat."

Kaka, ni da na rantse layin nan ya fi sandar liman miƙewa. Samba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Aka kawo masa kujera ya zauna yana ba da umarni. Ya sa na ɓare layin duka, muka ja igiya mai alli, na sake mannawa ina rarrafe, yana cewa, "Hagu, jaki, ɗayar hagun." Yara suka ajiye alluna suka kewaye shi. Wata 'yar mitsitsiya ta tambaye shi me ya sa aka zana wa darduma ɗakuna. Nan fa baki ya buɗe. Ya faro tun daga ɗakin atisayen soja, har azahar bai kai zauren hoki ba. Matar Samba ta kawo shinkafa da kifi, ya cinye ya nemi ƙari.

Liman ya fasa yankan. Sharaɗinsa ɗaya, ranar Idi za a cire ragar tanis ta tsakiyar fili a yi salla a kai. Baba ya ce ya yarda, ai kafet ɗin bai taɓa samun masu cire masa takalmi ba. Yanzu yana kiran tsofaffin abokan aikinsa yana neman raket ga yara.

Da yamma na tarar da Denise tana loda kwalayen a motarta, babu komai a cikinsu. Ta harare ni ta ce, "Ban yafe maka ba. Asabar mai zuwa kai za ka ɗauko shi. Kuma ka san yadda za ka yi ya aske gemun nan."

Baba yana gaishe ki, ya ce ki yi sauri ki dawo ki ga filinsa. Filinsa fa, Kaka, ni da gwiwoyina suka saluɓe a kai.

Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Yero