Haƙorana Biyu da Takardar Jinin Tsoho

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara, da Inna da ƙafar tata. Ni da sauƙi, amma kada ki firgita in kin gan ni da giɓi.

Ranar Talata aka kwantar da wani tsohon makanike mai ciwon huhu a ɗakin da nake dubawa a asibiti. Na sa masa oksijin lita biyu, na ja kunnen 'ya'yansa kada su taɓa. Da azahar na tarar da shi yana minshari, a girgiza shi ba ya motsi. Babban ɗansa, wani ƙaton mahauci, har murna yake, wai Baba ya samu barci. Na dubi bango, ashe sun murɗa oksijin ɗin har ƙarshe.

Na ɗebi jini a wuyan hannunsa na kai na'ura. Oksijin a cike maƙil, amma kabon, gurɓatacciyar iskar da huhu ke fitarwa, tamanin da takwas. Lafiyayye ba ya wuce arba'in da biyar. Jinin har ya yi tsami. Irin wannan huhun, in aka cika masa oksijin, dattin taruwa yake. Ba barci ba ne, suma ce.

Ina rage iskar sai mahaucin ya shaƙo ni ta baya, yana ihu wai iskar ma rowarta za mu yi wa ubansa. Ya haɗa bakina da ƙarfen gado, sau biyu, ya bi ni da ƙafa a haƙarƙari. Ina ƙasa ina tofar da haƙori, ina yi wa nas ihu ta kawo na'urar numfashi. Sai da masu gadi huɗu suka danne shi.

Shekara tara ina bauta a garin mutane, ga ladana.

Kafin magariba kabon ya sauko sittin. Tsoho ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne ina ɗan nasa.

An kawo mini takardar kai ƙara. Na daɗe riƙe da biro. Gaskiya ɗaya ce: na ce kada su taɓa, ban tsaya na faɗi dalili ba. Ban sa hannu ba, ban kuma yafe ba. Da kumburarren bakina na zaunar da mahaucin, na karanta masa takardar jinin, lamba bayan lamba.

Yanzu shi ke gadin makunnin oksijin ɗin. Jiya babban likitanmu ya kai hannu, mahaucin ya damƙe shi, wai sai an duba kabon tukuna.

Ki gaida kowa. Kada Inna ta ji.

Mijinki,
Mai giɓi