Wa Zai Gudu Idan Aka Sake Buga Ƙarfen?

Zuwa ga Shugaban gidan talabijin ɗin da ke nuna wasan yaƙi na ranar Juma'a.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, na rubuto wannan wasiƙa a fili ne domin na kira layin masu kallo har na gaji, ba a taɓa ɗauka ba. Ni matar aure ce a Badariya, Birnin Kebbi, asalina wani ƙauye kusa da Gulma a ƙasar Argungu. Na gama sakandare kafin a yi mini aure, ina karanta Hausa da Turanci daidai gwargwado. Ban rubuta sunan tasharku ba, ban rubuta sunan wasan ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kun san da ku nake.

Maganata a kan ɗana ce na fari, wanda ya gama sakandare bana. Ba zan rubuta sunansa ba. Ko a gida ba na kiran sunan, haka iyayenmu suka rene mu, ɗan fari ba a ambatonsa, ba a zama a yi hira da shi, ba a nuna masa so a gaban mutane. Idan ina nemansa sai in ce da ƙannensa su kira mini yaron nan. Wannan kunyar ce ta sa abin da ya kamata in zaunar da shi in faɗa masa, yau nake faɗa wa duniya.

Na farko, wasan da kansa. Tun da kuka fara nuna shi, idan aka idar da sallar magariba ranar Juma'a tsakar gidana cika yake yi da samarin layi. Ban hana ba, na ce gara a gabana da gidan kallo. Na zauna na kalla tare da su. Na ga kwamandanku mai tsabtar kaki, wanda harsashi ke wucewa ta gefen kunnensa yana murmushi. Na ga idan mutumin kirki zai mutu sai an ba shi lokaci ya yi wasiyya, ya yi kalmar shahada, a sa kiɗa mai taushi. Ranka ya daɗe, ina da yaya wanda ya yi aikin soja ya dawo, Yaya Garba. Yana nan a raye a Argungu. Idan murfin tukunya ya faɗi a ƙasa sai ya yi kwance a bayan randa, magidanci mai furfura, 'ya'yansa suna kallo. Ban taɓa ganin irinsa a wasanku ba ko sau ɗaya.

Na biyu, shirin da ke biyo bayan wasan, inda masu kallo ke bugo waya. Shi ya fi wasan ɓarna. Manyan mutane, masu gemu da iyali, su bugo suna cewa da samarinmu suna da zuciya irin ta kwamandan da maharan daji ba su raina mu ba. Wani ya ce matasan yanzu sai cin shinkafa da latsa waya. Mai gabatarwa ya yi dariya ya ce a je a karanta tarihi, a ga yadda maza suka yi. Masu wannan magana suna kwance ne a kan katifa a cikin birni, 'ya'yansu na makarantar kuɗi. Ɗan wata ne ke jin gorin ya shiga masa ciki.

Yaron nan ya bi shawararku. Ya tara littattafan tarihin yaƙe-yaƙe, na ƙasar Kabi da na ƙasashen waje, wasu saye wasu aro. Da farko na yi murna, na ce ko ba komai karatu ne. Wata rana ina share ɗakinsu na ɗauki ɗaya na buɗe. Shafukan da ke maganar kwanton ɓauna da kai hari da yadda ake kewaye gari sun yi baƙi da dattin hannu, an ja layi a ƙarƙashin kalmomi. Shafukan da ke maganar yunwar da ta biyo baya, da matan da aka kora kamar awaki, da garuruwan da suka zama kufai, suna nan fes kamar yau aka sayo. Ni na zauna a bakin gadonsa na karanta su. Marubutan ba su ɓoye komai ba. Ku ne kuka koya masa inda zai tsallake.

Na uku, abin da ya faru a ƙauyenmu, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. A ƙofar gidan mai gari akwai bishiyar dogon yaro, an rataye mata tsohon ƙarfen ƙafar mota. Tun da mahara suka fara addabar ƙauyukan ƙetaren gulbi, dattawa suka yi yarjejeniya cewa ba a taɓa wannan ƙarfe don taro, ba a taɓa shi don ɗaurin aure ko gobara. Idan aka ji shi, abu ɗaya yake nufi. Mata su ɗauki yara su nufi bakin gulbi inda jirage suke, maza su watsu cikin fadama. Sau ɗaya aka taɓa buga shi da gaske, kuma ya tserar da gari, maharan suka tarar da dabbobi kaɗai. Yaro ɗan shekara huɗu a garin ya san ko da wasa ba ya jifansa da dutse.

A wani kashi na wasanku, kwamandan ya sa aka busa ƙahon gargaɗi alhali babu abokin gaba, wai don ya gwada shirin mutanensa. Masu bugo waya suka yi ta yaba masa, suka ce wannan ita ce dabarar yaƙi. Ba a jima ba na tura yaron nan ƙauye ya taya ƙanena girbin shinkafa, kamar yadda nake yi kowace shekara. Ashe ya tara samarin da ke korar tsuntsaye a fadama, ya raba musu muƙamai irin na wasan, yana karanta musu littafi a inuwa. Wata safiya da hantsi, maza duk suna gona da lauje a hannu, ya ɗauki taɓarya ya buga ƙarfen. Ya tsaya a gindin bishiyar yana duba agogon wayarsa, yana auna tsawon lokacin da gari zai ɗauka kafin ya watse.

Gari ya watse. Tsohuwata, mai ciwon gwiwa, rarrafe ta yi har bakin ruwa. Rabi, matar ƙanena, tana da tsohon ciki, ta goya wani ta riƙe wani, ta zame a gangaren fadama ta faɗi a kan cikinta. A bayan babur aka kai ta asibiti a Argungu. Ita ta tashi, abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Namiji ne.

Dangi sun ce ƙaddara ce, ɗa na gida ne, ba za a kai magana ko'ina ba. Mai gari ya sa an yi wa samarin bulala a gaban jama'a, kuma da ina wurin da na ce a ƙara. Ba na wanke ɗana, shi ya ɗauki taɓaryar da hannunsa, shi zai amsa a gaban Allah. Amma da na je gaisuwa na ji abin da ya hana ni barci har yau. Tsohuwata ta dube ni ta ce, "Ni kam ba ni ƙara gudu. In kun ji wanga ƙarfe, yara na ka wasa." Matan da ke zaune a ɗakin suka ce haka ne, Inna. Ƙarfen yana nan a rataye, Ranka ya daɗe, amma ya mutu. Kuma an gama girbi, buhuna sun shiga rumbu, kowa ya san lokacin da waɗancan mutanen suke fitowa.

Na huɗu. Tun da yaron nan ya dawo ba ya cin abinci sai an matsa. Na yi zaton nadama za ta raba shi da wasan, sai ta ƙara manna shi. Wata mai sayar da gwanjo a kasuwa, 'yar kudu ce amma a nan ta haifi 'ya'yanta duka, ta tare ni ta ce, "Maman yara, ɗanki ya sayi takalmin soja a wurina, yana tambayar riga. Ina zai je?" Na dawo na duba, takalman suna ƙarƙashin gado, an shafa musu mai. Mahaifinsa, wanda ke fataucin albasa ba ya cika zama ba, ya titsiye shi. Yaron ya ce tun da shi ya kashe ƙarfen, shi zai je ya zama ƙarfen garin. Ya ce shi da abokansa sun yi alkawari, suna gama kallon kashi na ƙarshe za su je su ba da sunansu a cikin 'yan sa-kai. Yaron da ko kaza bai iya yankawa da kyau ba. Kun sanar cewa Juma'a mai zuwa ce ta ƙarshe.

Don haka ga abin da nake roƙo. Kafin ku nuna wannan kashi, ku fito ku faɗa da bakinku cewa abin da kwamandan ya yi ba a yin sa a garin da mata da yara ke kwana da tsoro, kuma ku maimaita, domin a ƙauyenmu ma ana kallon ku a shagon cajin waya. Ku gaya wa mutanen karkara cewa idan suka ji alamar garinsu su gudu, ko sau nawa aka yaudare su. Ku daina buɗe layi ga masu yi wa 'ya'yan mutane gorin zuciya. Idan mai gabatarwarku zai sake aika yara karatun tarihi, ya buɗe littafin a gabansu ya karanta shafukan da suke tsallakewa. Kuma ku ba da ko da ɗan lokaci ga mutum irin Yaya Garba. Na tambaye shi, ya ce zai zo idan ba za a sa kiɗa ba. Yaron nan ba ya jin maganar mahaifinsa yanzu, ni kuma al'ada ta ɗaure mini baki. Maganarku yake ji. Ku kuka ɗora shi a kan wannan hanya, ku ne za ku iya kiran sa ya juyo.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare zuri'arka daga abin da nake gani yana tunkaro tawa, ya sa ka gama aikinka ba tare da haƙƙin ran kowa a wuyanka ba. Tun da na haifi yaron nan ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Ina roƙon ka da girman Allah, kada ranar farko da zan kira shi ta zama ranar da ba zai amsa ba.

Wassalam.

Daga wata uwa a Badariya, Birnin Kebbi.