Littafin Sadiƙ ya sa yayana ya kori ɗansa

Malama Rakiyatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa, domin zuciyata ta kawo wuya.

Ni mutumin Daura ne, na fi shekara ashirin a Duwala ta ƙasar Kamaru. Takalma nake sayarwa a kasuwar Nkololoun, ina zaune a unguwar New Bell. Gari ne da ruwan sama ba ya gajiya, ni kuwa na gaji. Akwai wani Sadiƙ a unguwarmu, mutumin Garwa, da can yana tuƙa bensikin, wato acaɓa. Ƙwayar tramol ta kusa kai shi kabari. Allah ya tashi kafaɗunsa, har ya rubuta littafin abin da ya same shi da Faransanci. Wani ya riƙa karanta shi da Hausa yana turawa a waya, babi bayan babi. Yanzu ko wajen mai shayi ka zauna, muryar ce ke tashi. Mata na kuka, dattawa na gyaɗa kai.

Ba zan zalunce shi ba, farkon littafin gaskiya ne tsagwaronta. Yadda ya kwance fitilar babur ɗin ubangidansa ya sayar, yadda ya faɗi yana kumfa a unguwar Kassalafam mutane na tsallake shi, duk an yi. Ni kaina na share hawaye. Ƙarshen ne ƙarya. Ya ce wata Juma'a ya fito daga masallaci, ya taka har gadar kogin Wouri, ya watsa ƙwayoyin a ruwa, daga ranar bai ƙara ba. Malama, ya watsa ɗin, ina tsaye a wurin. Amma kafin wata Juma'ar ta zagayo ya sayo wasu. Ya bari ya koma, ya bari ya koma. A ɗakina ya yi wata da watanni. Ni na riƙe masa roba yana amai, matata Mairo na dama masa kunu yana zaginta, ni na dinga kai shi wurin likitan da ya riƙa janye shi daga ƙwayar a hankali. Babu likita a littafin, babu kunu, babu roba. Ba wai don ba a ambaci sunana ba, wallahi.

Ga inda abin ya shafe ni. Yayana Ilu, wanda ya kawo ni garin nan, yana da ɗa, Imrana, magidanci ne ma ya kamata a ce ya zama, amma ƙwayar nan ta riƙe shi. Da ƙyar na shawo kansa ya fara zuwa wurin likitan, har ya soma cin abinci kamar mutum. Sai Yaya Ilu ya saurari babin gada. Bayan Juma'a ya ja Imrana da hannu har Deïdo, inda gadar take, ya tara shaidu, ya sa shi ya watsa nasa a ruwa. Kuma ba shi kaɗai ba, abin ya zama yayi a unguwa, iyaye na kai 'ya'yansu gada kamar masu kai amarya. Ba a rufa mako ba aka sake kama Imrana da ƙwaya a aljihu. Yaya Ilu ya ce ai magana ta ƙare: Sadiƙ namiji ne, ya so ya bari ya bari, nasa ɗan kuwa bai so ba ne. Ya ce zuwa wurin likita shiririta ce. Ya watso masa kaya waje, ya kuma rantse duk wanda ya buɗe masa ƙofa ba ɗan'uwansa ba ne. Yanzu ƙarƙashin teburan kasuwa Imrana ke kwana, a wannan daminar.

Na je na sami Sadiƙ. Ya sunkuyar da kai yana ta kirana Kawu. Wai in ya ambaci likita za a ce ya raina ikon Allah. Wai kuma wannan babin ne ya sa mahaifin Sumayya, yarinyar da yake nema, ya yarda ya ba shi ita, bayan Salla za a ɗaura. Ya haɗa ni da Allah in rufa masa asiri.

Masu sauraron sun fi ba ni haushi a kansa. Labarin da ke ƙarewa a gada suke so, domin ya sauke musu nauyi. Wa ke son jin amai da jinya? Ni dai ba yabo nake nema ba. In ɗauki tawa muryar in tura a waya kowa ya ji, ko in yi shiru ɗan yayana ya mutu a kwata?

Naki, Baƙon Bakin Ruwa.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fushinka yana bisa hanya, amma ka jera abubuwa ba daidai ba. Littafi zai iya jira, wanda ke kwana cikin ruwa ba zai iya ba. Yau ka nemo Imrana. In buɗe masa ƙofarka zai raba ka da yayanka tun ba a fara magana ba, ka sama masa wuri wajen aminin da ka yarda da shi, ka mai da shi wurin likita gobe. Barin irin wannan ƙwaya farat ɗaya yana da haɗari ga wanda jikinsa ya saba, shi ya sa ake bi a hankali. Komawa bayan an bari kuma ba alamar rashin so ba ce, haka ciwon yake.

Kada ka tura murya. Unguwa za ta samu sabon abin sauraro, auren Sadiƙ zai iya watsewa, shi kansa yana iya komawa ruwa, yayanka kuwa zai ce hassada ce. Sau biyu ka gaya mini ba yabo kake nema ba. Rashin ambatonka ya yi maka ciwo, kuma kana da hakki, kai da Mairo. Sai dai kada wannan ciwon ya zama shi ne mai riƙe da wayar.

Ka koma wurin Sadiƙ da buƙata ɗaya ƙarama. Ba duniya zai gaya wa ba tukuna, mutum ɗaya ne. Ya zauna gaban yayanka ya faɗa da bakinsa abin da ya biyo bayan gada. Ka tuna masa cewa neman magani ba raina Allah ba ne, wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Ka gaya masa Sumayya ma ta cancanci ta san wanda za ta aura, gara ta ji daga gare shi. In ya iya wannan, ƙara babi ɗaya a waya don sauran iyaye zai zo masa da sauƙi.

In ya ƙi, ka sanar da shi a fili cewa za ka gaya wa yayanka, shi kaɗai, iya abin da zai ceci ɗansa. Rufin asiri wajibi ne, amma ba a rufa shi da ran wani.

Yayanka kuma kada ka je masa da faɗa. Mutumin da ya ja ɗansa da hannu har gada bai daina sonsa ba, rabin labari aka ba shi. Rantsuwarsa tana da kaffara, malamai za su nuna masa. Ka taɓa riƙe roba ga ɗan wani har ya miƙe. Allah ya ba ka ƙarfin riƙe ta ga naka, ya shiryi Imrana, ya saka wa Mairo da alheri.