Jikarki Ta Koma Gida Ta Hanyar Sin

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'imar makwanci, na zo miki da labarin 'yata, takwararki, wadda muke kira Ummi don kunyar sunanki. Ta tafi gida, Inna. Na shekara ashirin ina lallashi ban kai ta ba, sai ga mutanen Sin sun kai ta.

Ina rubuta miki ne daga bakin tagarmu a Rillieux, gefen birnin Lyon, hawa na tara. Da safen nan tururi ya taso daga kogin Rhône ya lulluɓe Lyon, gidajen suna bayyana suna ɓacewa. A irin wannan safiyar nakan ga kamar in na miƙa hannu zan taɓa duwatsun Damagaram.

A zamaninki, Sin ba ta wuce tambarin da ke gindin kwanoninki na samira ba, masu jan fure. Sai kuma likitar nan da ta jera miki siraran allurai a gwiwa. Kin dawo kina tafiya a hankali, kina cewa, "Baiwar Allahn nan ba ta jin Hausa, amma hannunta yana ji."

Sau ɗaya kika ga Ummi, lokacin da na kai miki ita gida tana 'yar shekara shida. Zazzaɓi ya kama ta tun kwana na uku, kika goya ta duk da gwiwar taki, kina zagaya tsakar gida. Daga nan ba ta ƙara yarda da zancen zuwa ba. In na yi mata Hausa, ta amsa mini da Faransanci. A makarantarsu ta lakwal aka ce su zaɓi wani harshe, ta zaɓi Sinanci. Na yi dariya, na ce ƙuruciya ce. Ta riƙe shi har ta gama karatun gina hanyoyi da gadoji a Villeurbanne, inda nake aikin gyaran na'urori a ɗakin gwaji.

Bara wani kamfanin Sin ya kira ta Paris a yi mata tambayoyin ɗaukar aiki, na raka ta. Tana ciki, ni kuma na zauna shan shayi da Malam Isufu, abokina na ƙuruciya, wanda yanzu yake aiki a wata hukumar ƙasa da ƙasa. Ya ce da can manyanmu in sun taso da buƙata, nan suke sauka. Yanzu da yawansu jirgi kawai suke canzawa su yi gabas. Ya lissafo mini maƙwabta, Cadi da Benin da Najeriya, kowa da gadarsa ko layin dogonsa ko bututun mansa, kowa da baƙonsa mai hular kwano. Ya ce, "Ba na cewa alheri ne, ba na cewa sharri ne. Amma fa baƙon ya shiga kowane zaure a unguwar."

Aka ɗauke ta. A jirgin ƙasa muna komowa, gonaki suna gudu ta taga, shanu farare tsaye cikin ciyawa kamar an zana su. Ita tana murna, ni kuwa ina tuna labarin da kike ba mu na tafintan Nasara, wanda mutane suka fi tsoron bakinsa a kan sandar maigidansa. Ban san lokacin da na ce mata ba, "Ashe a bayan baƙo za ki shiga gidan ubanki."

Ta ɗauke ido daga taga ta dube ni. Sai ta ce da Faransanci, "Baba, ni ma baƙuwar ce. Ka koya mini Hausa, kada in isa a haka."

Wata uku muka yi, Inna. Kullum bayan la'asar mu zauna a wani benci da ke kallon kogi, in faɗa ta maimaita. Abin da ya ba ni mamaki, Sinancin ne ya buɗe mata kunne. Ta ce su ma kalma ɗaya takan zama biyu in murya ta hau ko ta sauka. Ranar da ta rarrabe kukan ido da kukar miya, ta yi dariya har da hawaye, ta ce tun tana ƙarama ta ɗauka miyar kuka ta masu baƙin ciki ce. Wata rana ta ce "wash" tana miƙewa, da muryarki sak, har na waiwaya.

Ta tashi daga Paris da farkon bazara. Ta fara da Kwatano, ta yi makonni a Cadi, yanzu tana wajen wata hanya da ake shimfiɗawa a kudancin ƙasarmu. Takan aiko mini da hotuna: jan ƙasa, manyan motoci, ita a tsakiya da hular kwano a kan ɗankwali. Ina kallonsu a cikin tarago in zan tafi aiki, sau biyu ina wuce tashata.

Shekaranjiya ta kira ni, muryarta ba yadda na saba ji ba. Turakun awon hanya sun bi ta kan rijiyar wata tsohuwa a bakin wani ƙauye. Mijinta ne ya haƙa ta shekarar da suka yi aure, da ita take ban ruwan yakuwa da kuɓewarta. Tsohuwar ta zo ta tsaya gaban injiniyan Sin da ke kula da aikin, ta yi magana mai tsawo, wani wurin da zafi. Ummi ta ce ta juya masa duka zuwa Sinanci, ba ta rage ba, ba ta sa zuma ba. Shi ma saurayi ne, ya ce ya baro tasa uwar a wani ƙauye cikin duwatsu. Ya leƙa rijiyar, ya daɗe yana kallon ruwan, ya ce zai rubuta wa na sama da shi. Ya rubuta. Amsa ta zo: hanya ba za ta kauce ba, za a haƙa wa ƙauyen fanfo a wani wuri.

Akwai wanda zai iya kai saƙon, amma Ummi ta ce ita za ta je, tunda ta bakinta maganar ta wuce. Sai ta tambaye ni da Hausa, tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Baba, yaya ake ba tsohuwa haƙuri?"

Wannan ban koya mata a benci ba. Na rufe ido na ga ki kina shiga gidan makoki a unguwarmu, ina biye da ke riƙe da bakin zanenki. Abin da na gani shi na faɗa mata. Ta cire takalmi tun daga ƙofa. Ta zauna ƙasa da inda tsohuwar take. Kada ta fara da abin da ya kawo ta, ta tambayi gajiya da gida da jikoki. In an ba ta ruwa ta sha, ko da na rijiyar ne. In ta faɗa, kada ta yi saurin tashi.

Jiya da yamma ta aiko da saƙo gajere. Ta je. Tsohuwar ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma kore ta ba. Sun zauna har inuwa ta juya, tana tsinkar yakuwa, Ummi tana taya ta. Da za ta tafi, tsohuwar ta ce, "Gobe ki zo da wuri, kafin a rufe rijiyar. Sai ki riƙe mini guga."

Yau ce goben, Inna. Yanzu haka suna can.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga tafkin Annabinsa. Allah ya sanyaya zuciyar wannan tsohuwa. Ya tsare harshen jikarki daga cutar da mutanenta, ya dawo mini da ita lafiya, ko ya zaunar da ita can lafiya, duk wanda ya fi alheri.

Ɗanki mai kewarki,
Habibu