Gurbin Bayan Injin Ban-Ruwa

Asabar, 4 ga Mayu
Yau dai Allah ya yi. Tarwaɗa, kilo shida da rabi, a gurbina na bayan tsohon injin ban-ruwa. Sati uku ina zuba dusa da tsakin masara a wurin kowace yamma, har kifi ya saba ya tare. Ba wanda ya san gurbin sai ni da Tela, shekara goma sha ɗaya muna fatsa tare. Na saka hoto a guruf ɗinmu na 'yan fatsa a waya, na rubuta: tana, ƙaramar ƙugiya, da sassafe. Masu tambayar a ina, na ce musu a cikin ruwa.

Asabar, 11 ga Mayu
Mutum tara na tarar a gurbina. Tara! Har da mai kujera da rediyo. Direba na guruf ɗinmu kuwa da raga ya zo, raga fa, a wurin fatsa. Ni da wahalar dusa, su da kwasa. Wai har wani ke ce mini in matsa kar zarenmu ya harɗe. Ko sau ɗaya ban jefa ba, na naɗe na dawo, raina kamar ya kama da wuta.

Tela ne. Wa kuma? Keken ɗinki na gudu, baki na gudu.

Lahadi, 12 ga Mayu
Na same shi a shago, na wanke shi tas a gaban masu jiran ɗinki. Na kira shi maci amana. Ya yi ta rantsuwa, ban saurara ba. Daga ƙarshe ya ajiye almakashi ya ce, "Ni kake faɗa wa haka, Malam?" Na ce shi ɗin.

Talata, 14 ga Mayu
Uwar yara ta ce kifi dai kifi ne. Ina ruwanta.

Asabar, 18 ga Mayu
Sun kashe wurin. Ledoji, guntayen zare, ruwa ya dagule. Karfasa biyu na samu, ko tafin hannu ba su kai ba. Tela bai zo ba, ya ma fita daga guruf. Can ta matse masa.

Laraba, 22 ga Mayu
Na ci karo da Direba a gidan mai, na tsare shi ya faɗa mini yaushe Tela ya tsegunta masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya buɗe hotona, ya ja shi da yatsu biyu. Ga bututun injin nan mai jan fenti, ɓaro-ɓaro a bayan kafaɗata. "Kai ka nuna mana, Malam. Wa bai san bututun nan ba?"

Sai yanzu nake tunawa, ran nan Tela ya ce in juya baya ga ciyawa kafin in ɗauki hoton. Na ce ya ƙyale ni, hasken ya fi kyau ta nan.

Wawa kawai. Direban nake nufi.

Juma'a, 24 ga Mayu
Aljihun wandona ya farke. Uwar yara ta ce minti biyu za ta kama shi da allura, na ce a'a, aikin keke ne. Sau biyu na wuce shagon kafin in shiga. Ya juya wandon, ya dubi farkewar, ya dube ni. Ya san da hannu aka yi. Na ce yaushe zan karɓa. Ya ce in zo gobe da yamma, da safe ba ya nan.

Ban tambaye shi ina za shi ba. Na dai haƙo tana, ta ɗan yi wa mutum ɗaya yawa.