Kilo Shida Saboda Badaru

Jikwoyi, Abuja
15 ga Agusta, 2013

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da yara da Inna. Yaya damina a Maraɗi? Na ba Ɗan'auta direba wannan takarda ya kawo maka, don a waya ba na sakewa. Gidan ɗaki biyu ne, ko tari na yi Badaru yana ji.

Na same shi ya rame, Malam. Ƙanena mai tashi da malmala uku, yanzu ruwa ma sai matarsa Halima ta auna take ba shi. Sau biyu a mako ake kai shi wankin ƙoda, ya dawo kamar tsumman da aka matse. A ma'aikatarsu har sun daina tambayar ranar da zai koma aiki.

An gwada jinina, ya dace da nasa. Sai dai likita ta dube ni sama da ƙasa, ta ce sai na rage kilo shida kafin ta yarda a cire ƙodata guda a sa masa. Masu yin aikin daga Indiya za su zo ƙarshen Satumba, mako ɗaya za su yi su koma. Ka ji fa, ƙibar da ka shekara ashirin kana yabo ita ce yau ta tare hanya, ashe ko azumin bana bai taɓa ta ba. An raba ni da fura da mai da sukari, an ce in yi ta tafiya a ƙasa.

To, na fara. Da na idar da sallar asuba sai in zura takalman Halima na roba in fita, ban san ko'ina ba, duk inda ƙafa ta nufa nan na nufa. Jiya na bi wata hanya a bayan coci, sai ga ni a gonar masara da dutse a gabana, kore shar har samansa. Na tsaya ina haki ina kallo, mu da muka saba da rairayi. Na yi kuka kaɗan a wurin, tunda a gida babu dama.

Ka gaida Inna, amma kada ka gaya mata yadda jikin nasa yake.

Matarka,
Zulai

Jikwoyi, Abuja
6 ga Satumba, 2013

Zuwa ga Malam,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan ciwon bayanka ya yi sauƙi, yara kuma ba su cinye ka ba. Saƙon kilishi ya iso, na gode, amma maƙwabta suka ci. Ni an hana ni, shi ma an hana shi.

Kilo huɗu sun tafi. Akwai ma'auni a ƙofar ɗakin Badaru, kullum na dawo sai ya sa na hau, shi ke karantawa, yana tsokanata wai Yaya ta kusa komawa budurwa. Dariyarsa ke nan ta yini guda.

Na yi ƙawa, maƙwabciyarmu Rosemary mai sayar da gasasshen kifi. Hausarta sai ita, kullum da namiji take kirana. Ita ta koya mini dabara: in shiga bas in sauka inda raina ya so, in tako. Haka na je cikin gari, inda tituna suka fi filin Idinmu faɗi, ga benaye ana ta ɗorawa ko'ina, kuma ba mai tafiya a ƙasa sai ni da masu shara. Wani mai mota har ya tsaya yana tambaya ko ɓata na yi. Ranar Talata kuma na tsinci kaina a kasuwar Zuba, lemo da abarba jibge kamar yashin gini. Na zaga ta sau uku, na sayo wa Badaru abarba, na manta ba ya sha. Garin nan yana da kyau, Malam, kuɗi na ta zuba a cikinsa, amma ban ga inda ake sayar da abin da muke nema ba.

Gwiwoyina ne suka so ba ni kunya. Tun makon farko suke kumbura, har ruku'u ya gagare ni. Ban gaya wa kowa ba. Da wane baki zan yi kukan gwiwa a gidan da mutum ke kwance? Sai na je kemis a bakin titi, aka haɗa mini maganin gajiya, ƙwayoyi biyar a ƙullin leda, irin wanda masu dako ke sha. Ina sha safe da yamma, kuma wallahi kamar an zare ƙaya. Ka ga matarka da dabara.

Shi dai jiki sai addu'a. Ƙafafunsa sun kumbura, kwanciya ma sai an jingina shi. Saura mako uku.

Taka har kullum,
Zulai

Jikwoyi, Abuja
27 ga Satumba, 2013

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida yara da Inna. Ka zauna kafin ka karanta.

Ba za a yi aikin ba. Kilo bakwai na rage, har da gyara. Ranar Litinin aka yi mini gwajin ƙarshe, likita ta daɗe tana duba takardar, sannan ta tambaye ni ko akwai maganin da nake sha. Na fito da ƙullin ledar daga jakata da fara'ata. Ta zazzage a kan tebur, ta ware uku daga ciki, ta ce duk maganin ciwo ne masu ƙarfi, kuma su ke cin ƙoda. Mako biyar ina sha sau biyu a rana. Ta ce ƙodojina sun yi rauni, ba za ta raba ni da guda ba. Wataƙila su farfaɗo nan da wata uku, wataƙila a'a. Ta ce da na yi magana tun farko, da ta ba ni abin da ba ya cutarwa.

Mutanen Indiya sun zo, jibi za su tafi, sai baɗi kuma. Na tambaye ta ko Badaru zai kai baɗi. Ta ce zuciyarsa ta gaji da wankin, sauran kuma na Allah ne. Halima an gwada ta tun tuni, ba ta dace ba, mu biyu kaɗai kuma Inna ta haifa.

Na san rai da ajali na Allah ne, ba sai ka tuna mini ba. Amma ni da ƙafata na je kemis ɗin nan, ni na miƙa hannu. Ina jin haushin kaina yadda ban taɓa jin haushin kowa ba. Ni da ke koya wa 'yan aji shida cewa kada su sha maganin da likita bai rubuta ba.

Kwana biyu na kasa haɗa ido da shi. Jiya na zauna a bakin gadonsa na gaya masa komai. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Cewa ya yi tun makon farko ya ga ina ɗingishi, ya ga ina sallah a zaune idan na ɗauka barci yake. Ya so ya yi magana, sai ya ga ina ɓoyewa, ya ji nauyin ya kunyata yayarsa da ke wahala dominsa. Na yi masa kara, ya yi mini kara, ka ga inda ta kai mu.

Ka je wurin shugaban makarantarmu ka ce kada su jira ni ranar komawa, su ba wani ajina. Zan zauna. Yau ma da asuba na sa takalman na fita har gindin dutsen nan, ban san don me ba. Da na dawo na tarar ya sa Halima ta ɗauke ma'aunin daga ƙofar ɗakin.

Ka shirya Inna a hankali, ka sako ta a motar Ɗan'auta ta zo ta gan shi. Kada ka bari a jima.

Ka yafe mini, ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Zulai